Abin da Ya Fid da Ni Daga Makaranta

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Hauwa'u. Alƙalami ne ya rubuta sunan, shi ba ya da kunya. Ni a bakina har gobe Uwata kike, tunda sunan tsohuwata kinka ci.

Ina gaishe ki gaisuwar uba. Allah Ya sauke ki Gusau lafiya, Ya tsare motarku daga ramukan hanyar Anka, Ya haɗa ki da abokan ɗaki masu tsoronSa da malamai masu haƙuri. Na ba Innarku takardar ga ta sa a ƙasan akwatinki, don kada ki gan ta sai kin sauka. Da baki zan faɗa, kin san ni, kafin in kai tsakiya na mai da abin wasa, ki yi dariya, in yi dariya, a tashi ba a ce komai ba.

Ga maganar. An ba ki shekara uku a makarantar koyon aikin lafiya, ina son ki kai ƙarshensu. Akwai abu guda da nike tsoron ya dawo da ke gida kafin lokaci. Basira kina da ita, kuma ban da shakka a kan tarbiyyarki. Waswasi nike tsoro. Shi ya dawo da ni.

Kun taso kuna ji ina cewa kakanku ne ya cire ni daga sakandare a Anka ina aji uku, wai gona ta rasa hannu. Na faɗa a majalisa har ni kaina na fara yarda. Allah Ya jiƙan tsohon, shekara talatin ina ɗora masa kayan da bai san da su ba. Shi da ya raka ni da ƙafa har bakin mota ranar da zan tafi, yana ta gaya wa mutane ɗansa zai zama akawu.

Abin da ya faru shi ne, in an raba takardar jarrabawa, amsa tana cikin kaina daram. Sai in rubuta layin farko, sai in ga wutsiyar wani harafi ta ɗan zarce layi. Ba mai lura da ita ko da tabarau. Amma ni sai in ji wani abu ya tokare mani ƙirji kamar ƙayar kifi, ba ya sauka sai na soke na sake. In na soke, shafin ya ƙazantu, sai in ɗaga hannu a ba ni sabuwar takarda. Ana cewa a ajiye alƙalami ina kan tambaya ta ɗaya. Muna da wani malami mutumin Gana, ya taɓa ɗaga takardata gaban aji ya ce tunda yake koyarwa bai taɓa ganin an rubuta suna da kwanan wata da kyau haka ba, abin baƙin ciki ba a ba da maki a kan suna. Aji ya kwashe da dariya, tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Anka maimaita mani aji, na sake yin abin da na yi. Sai anka ba ni takarda in kai gida. Ita ma, in gaya maki, rubutunta a karkace yake, kuma ta yi aikinta.

To ki ji. Harafin da ya karkace ki bar shi a karkace. Mai duba takarda amsa yake nema. Abin nan da ke tokare ƙirji, sai da na yi furfura na gane cewa in an ƙyale shi yana sauka da kansa, ko da zai ɗauki rabin awa yana cizo. In kuwa kin yi masa abin da yake so, kin yanka wa baƙo kaza ke nan, gobe da ƙannensa zai dawo.

Kada ki ce ina ruwanki da tarihin aji uku. Damina waccan ina neman takardar da zan naɗe irin kuɓewa, na buɗe kwalin littattafanki. Na iske littafi shida, kowanne an cika shafi uku na farko da rubutu kamar na inji, an yage na huɗu, an koma sabo. Darasi ɗaya ne cikinsu duka. Na daɗe tsaye da su a hannu. Na kuma tuna malaminku ya taɓa ce mani kin fi kowa sani a aji amma ba ki gama jarrabawa, da ƙyar kike tsallakewa. Kin san abin da ubanki ya yi da wanga ilimi duka? Da anka kawo tuwo na ce Uwata za ta buɗe kantin littattafai a Adabka, a zo a yi ciniki. Kinka yi murmushi. Daga ranar kinka fara ɗaure kwalin da igiya. Wannan laifina ne, ki yafe mani.

Ba daga sama kinka tsince shi ba. Kakarki mai sunanki, duk Adabka an san ta da tsarki. Buta uku take ƙararwa a alwala ɗaya. In ta sayi nono sai ta wanke bayan ƙwaryar har mai nonon ta gaji da tsayuwa ta zauna. Hannuwanta sun tsattsage kamar fadama da rani, man shanu bai yi masu komai ba. Mata na kawo jarirai ta tofa masu addu'a, ana cewa waliyiya ce, mu kuma muna tafiya muna buɗe kafaɗa, ɗiyan waliyiya. Na sha ganin ta bakin randa tana hawaye, inuwa ta miƙe, azahar na shirin kuɓuce mata, ita ko ba ta wuce wankin fuska ba. Na ɗauka tsoron Allah ne ke sa ta kuka. Tana da tsoron Allah, wannan ba shakka. Amma kukan na gajiya ne, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba wanda ya ce mata, Inna, ya isa haka, alwalarki ta yi. Yabo munka yi ta ba ta, yabon kuwa shi ya ƙara ɗaure ta. Ke ma da kina ƙarama, in kin jera takalman gida ƙafa da ƙafa kin hana kowa taɓawa, cewa nike jinin tsohuwa ne, Allah Ya yi albarka. Ashe gaskiya nike faɗi ban san irin gaskiyar ba.

Ranar sunanki ma sai da na nuna hali. Liman Malam Garba ya raɗa suna, anka kira shi gaggawa wajen wani mara lafiya, sai na ce ni zan yanka ragon, ai na iya. Na yanka lafiya lau. An fara fiɗa sai abin ya zo mani: na yi bisimilla kuwa? Na tambayi mutum biyu da sunka riƙe ƙafafu. Ɗaya ya ce ya ji, ɗaya ya ce shi kukan rago kawai ya ji. Shi ke nan na ce kada wanda ya taɓa naman, mushe ne. Mata sun ɗora tukwane, ruwa na tafasa, baƙi daga Gummi da Gwashi na zaune bisa tabarmi suna kallon sama. Haka anka zauna har hantsi ya yi zafi Malam Garba ya dawo. Ya tambaye ni ko da gangan na bar bisimilla, na ce wane ni. Ya ce ko mantuwa na yi nama ya halatta, ballantana ban ma tabbata na manta ba. Ya sa anka gasa hanta, ya ci gaban kowa, sannan ya ja ni gefe.

Ya ce, "Umaru, addini bai aza maka wanga kaya ba, kai ka aza ma kanka. Wanda shakka ke zo mai kullum hukuncinai daban na. Ya yi watsi da ita ya wuce, ko a salla, ko a alwala, ko a yanka."

Na ce na ji, Malam. Kowa ya ci nama ya yi hamdala. Ragon sunanki, duk Adabka ni kaɗai ne ban san ɗanɗanonsa ba.

Saboda haka alwala yadda anka koya maki, sau ɗaya, ki tashi. In kin ɗaga hannu kin yi kabbara, kin shiga salla, kada ki fito ki sake shiga kamar mai gwajin ƙofa. Abin da ya wuce yadda malamai sunka koyar ba ƙarin lada ba ne, ciwo ne ya sa rawani. Kuma ki lura, aikin da za ki koya aikin wanke hannu ne, a nan abin zai samu wurin ɓuya har a yaba maki. Ki wanke yadda malamar aji ta nuna, daidai lokacin da ta ce, ki rufe famfo. In kin ga sauran ɗalibai sun kai gadon mara lafiya na uku ke kina bakin famfo, to ba tsabta ba ce ta riƙe ki.

Da na girma abin ya sake mani kama. Rubutu ya ƙare tunda ba mai ba ni jarrabawa, sai ya koma kan kwalbar maganin feshi. In na yi feshin wake na rufe kwalba na rataye ta a rufin zaure, nesa da rumbu, nesa da hannun yara. In hau mashin in nufi kasuwar Gwashi. Kin san hanyar, mai ciki ba ta bin ta sai in haihuwar take nema. In kai rabi sai in ga kwalbar a idona a buɗe, tana ɗiga cikin gero, ga ku kun sha kunu kun kwanta jere. Sai in juya. In iske ta a rufe, in murɗa murfin har ya yi ƙara, in koma. Akwai ranar da na yi sawu uku, na isa kasuwa ana kaɗe buhuna.

Sai na yi dabara, irin dabarar mai aji uku. Na mai da Innarku shaida. In zan fita sai in kira ta ta tsaya ta ga na rufe, in na hau mashin in tambaye ta, in na kai ƙofar gida in leƙo in sake tambaya. Ita kuma baiwar Allah ta ce ka rufe, ka rufe, ka rufe. Shekaru muna haka, ina jin na yi maganin abin. Sai ta tafi biki Gummi kwana bakwai. Kwana bakwai ban je kasuwa ba, ban je gona mai nisa ba, ina zaure ina gadin kwalba. Da ta dawo ta iske ciyawa ta ci gyaɗa, ta ajiye ƙullin kayanta ta dube ni.

Ta ce, "Malam, ni dai a gaya mani, matarka ce ni ko kwaɗon ƙofarka?"

Na ce duka biyun, kuma kwaɗon ya fi tsada. Ba ta yi dariya ba.

Za ki samu ƙawa a ɗakin kwana, mai kirki, wadda in kin ce mata kin ga na kashe risho, za ta ce kin kashe. Ranar farko taimako ne. Kafin wata uku ba ki iya fita sai da ita, ita kuma ta fara bin wata hanya in ta hango ki. Kada ki yi wa ɗiyar mutane haka. Ki duba sau ɗaya da idonki, ki juya baya, ki tafi da tokarar a ƙirji. Za ta sauka a hanya.

Saura Baffanku Sule na Gummi. Shi muna ganin ya tsira, don ba ya wanki ba ya dube-dube, hularsa ma kullum a karkace. Ashe nasa a ciki yake. Wata rana ya zo har gona ya same ni, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce in yana salla wasu munanan kalmomi na faɗo masa a zuciya a kan abin da ya fi girmamawa, har ya sallame ya sake kalmar shahada. Ya ce kalmar saki na gilma masa a rai alhali ba abin da ya haɗa shi da matarsa, sai ya tafi wajen malam ya tambaya ko aurensa na nan, har an gaji da shi. Ya ce ya daina riƙe wuƙa in jikokinsa na kusa, don wani tunani na ce masa in ka soka fa. Ni kuma, wanda ya yi gadin kwalba kwana bakwai, na ce masa in za a sake ɗaura auren a riƙa sanar da mu, goro dai ba ya yawa. Ya kaɗe rigarsa ya tafi. Shekara biyu bai ƙara gaya mani komai ba. Anka yi turare, anka sha rubutu, anka kira masu ruƙiyya, aljanin bai yi magana ba don babu shi. Sai da ya daina cin abinci ya kulle kansa a ɗaki sannan matarsa ta aiko, na ɗauke shi sai asibitin ƙwaƙwalwa a Sakkwato.

Wanda ya kawo maki irin wagga magana, ko ke kinka ji ta a ranki, kada ki yi abin da na yi. Wasa na da wurinsa, ni ne sarkinsa, amma ranar nan da na rufe bakina da ya fi.

Likitan da munka samu matashi ne, mai haƙurin tambaya. Ya saurari Baffanku har ya gama, ya ce masa wannan ba hauka ba ne, ba kuma fita addini ba ne, masu irin tunanin nan su ne sunka fi kowa ƙin sa, shi ya sa yake azabtar da su, kuma ba su ne masu aikatawa ba. Baffanku ya sa hannu ya rufe fuska. Sannan likita ya tambaya ko akwai mai irin haka a dangi. Na yi caraf na ce babu, mu gidan tsarki ne, na kawo labarin tsohuwa don in burge shi. Ya jawo takarda ya zana tsohuwa a sama, ya ja layi biyu ƙasa, ya rubuta Sule a ɗaya. Ya ɗora alƙalami a kan ɗayan ya ce, kai fa, Baba? Rakiya na je, na dawo da katin asibiti mai sunana.

Ga yadda ya bayyana mana, gwargwadon abin da kan aji uku ya riƙe. Ya ce ciwo ɗaya ne amma fuskarsa da yawa. Wani wanki da tsoron ƙazanta, kamar tsohuwa. Wani dube-dube da tsoron ya jawo wa mutane bala'i, kamar ni da kwalba. Wani sai abu ya daidaita cif, ya yi ta maimaitawa, kamar ni da alƙalami. Wani munanan tunani, kamar Baffanku. Akwai ma mai tara tarkace ya kasa zubarwa. Mutum ɗaya na iya haɗa biyu, ko ya bar wannan ya koma wancan. Ya ce yana bin jini, kamar yadda ciwon suga ke yawa a wani gida, musamman wanda ya fara tun ƙuruciya, kuma irin na daidaitawar nan an sha ganin sa gida ɗaya. Amma ba kowane ɗa ke ɗauka ba, kuma wanda ya ɗauka ba dole ya zo da fuskar na uwarsa ko ubansa ba. Na tambaye shi mene ne takamaimai a cikin jinin, ya ce ba abu ɗaya ba ne da za a nuna da yatsa, masana ma har yanzu nema suke. Abin da ake gado saurin kamuwa ne, sauran kuma ya danganta da yadda rayuwa ta zo da abin da anka yi a kai. Dubi yayanki Bello, uwa ɗaya uba ɗaya da ke, takalminsa ɗaya a zaure ɗaya a masallaci, kuma barcinsa yake sha.

Ya ba mu ƙwayoyi, ya ce sai an yi makonni kafin a ji aikinsu, kada mu yanke. Ya ba mu aikin gida kuma. Ni in rufe kwalba sau ɗaya in tafi. Ya aika wa Innarku cewa in na tambaye ta ta daina amsawa, umarnin da ta karɓa da farin cikin da har yau ban yafe ba. Baffanku, layyar bara shi ya yi fiɗa, jikoki na kewaye da shi suna roƙon tsoka. Ni ba zan ce maki na warke sarai ba. Ina kaiwa Gwashi da kasuwa a cike, wani lokaci da gumi a goshi ba na rana ba. Ya ishe ni godiya.

Yanzu ga babban laifin, na bar shi ƙarshe don ya fi nauyi. Komawata ta biyu na ba likitan labarinki, ya ce in kawo ki, wanda anka tara da wuri ya fi saurin samun sauƙi. Na ce to. Ban kai ki ba. Na ji tsoron a ce an ga ɗiyar Umaru a asibitin mahaukata, maganar ta riga ki zuwa gidan duk wanda zai nemi aurenki. Na zauna a kan maganar kamar kaza bisa ƙwai, ina kallon ki kina goge rubutu. Na tsare maki sunan da ba wanda ya taɓa, na bar ki da ciwon da ke cin ki kullum.

Don haka cikin watan farko, kafin jarrabawa ta matso, ki nemi likita a asibitin da za ku riƙa zuwa koyon aiki, ki ce a haɗa ki da mai duba irin wannan. Can ba Adabka ba ce, ba mai ƙirga wanda ya shiga wace ƙofa. In baki ya yi nauyi ki miƙa masa takardar ga ya karanta, asirina ne a ciki ba naki ba, na kuwa yafe. In ya ba ki magani ki sha, in ya ba ki aiki ki yi ko da kina jin kamar ranki zai fita, ba ya fita. Ranar da mai neman aure ya zo kuma, ki gaya masa da bakinki. Wanda wannan ya kora, Allah Ya raka taki gona. Kada kuma ki ce ba za ki haihu ba don tsoron gado. In ɗanki ya zo da shi, zai iske uwa wadda ta san sunan abin da maganinsa, abin da ni da ke ba mu samu ba.

Direban motar Gusau zai riƙa kawo mani takardarki ranar kasuwa. Ki rubuto komai. Irin tuwon da suke ba ku, malamar da ta fi faɗa, ranar da kinka fara yi wa mutum allura da abin da ya ce. Duk zan amsa, har da ƙari. Amma in kin rubuto kina tambaya ta ko sallarki ta ranar kaza ta yi, ko azuminki na nan, ko wani abu da kinka taɓa zai cutar da wani, wannan layin zan tsallake shi kamar ban gani ba. Na san amsar, ke ma kin san ta, kuma na san yadda za ki ji in kin buɗe takardata ba ki same ta ba. Za ki ce Baba ya yi maki rowa. Ki ji haushina, ina iya ɗauka. Ni ma ranar hannuna zai yi ƙaiƙayi in rubuta maki cewa ta yi, Uwata, ta yi. Ba zan rubuta ba.

Allah Ya tsare ki a ɗaki da aji da hanya. Ya sanyaya maki zuciya, Ya ba ki barci mai nauyi da hannu mai albarka a kan marasa lafiya. Ya jiƙan mai sunanki, Ya ba ta hutun da ba ta samu ba a nan. Innarku na gaishe ki, ta ce yajin da ke cikin gwangwani ki riƙa ci da shi, ba na ajiya ba ne. Baffanku ya ce a sa maki albarka. Na sa, na ƙara.

Ni ne mahaifinki,
Umaru, Adabka.